RABAWA DA KEƁEWA: SHARHI A KAN LITTAFIN ALJABARA NA ALHAWARIZMI

Littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekara ta 820, a zamanin Halifa Ma'amun, shi ne ya ba ilmin aljabara sunansa. Sunan littafin da Larabci Al-Kitab al-Mukhtasar fi Hisab al-Jabr wa al-Muqabala, watau taƙaitaccen littafi a kan lissafin jabru da muƙabala. Masana tarihin lissafi sun daɗe suna tattaunawa a kansa, amma akwai wani gefe nasa wanda ya fi kusa da mai nazarin harshe. Ban da 'yan zane-zanen da aka kafa hujja da su, babu alamar lissafi ko ɗaya a cikinsa. Babu ta tarawa, babu ta ɗebewa, babu baka biyu, har lambobin ma da kalmomi aka rubuta su. Duk abin da mawallafin ya ke so a yi, da baki ya faɗe shi, kamar yadda malami ke yi wa almajiri bayani a zaure.

Wannan hali na littafin shi ya sa ya cancanci a dube shi a nan. Malamin lissafi a makarantun ƙasar Hausa littafinsa da Turanci ya ke, allonsa kuma cike da alamomi, amma sa'ad da ya ga yara sun yi tsuru-tsuru, sai ya juya ya yi musu bayani da Hausa. A wannan lokaci ya koma matsayin Alhawarizmi, ba shi da makami sai kalma. In kalmar ta dace da aikin, yaro ya gane. In ta kauce, yaro ya tafi da kuskuren da zai bi shi har ɗakin jarrabawa. Saboda haka abin da wannan takarda za ta auna shi ne iyakar nauyin da magana zalla ta iya ɗauka a hannun wannan gwani, da kuma wurin da ta gaza masa.

Ma'aunin kuwa aiki guda ne wanda a ke koya wa yara tun farkon shigarsu aljabara. In aka ba yaro 12x² + 18x, a kan nemi ya gano abu mafi girma da gaɓoɓin nan biyu suka yi tarayya a kansa. Shida ita ce lamba mafi girma da ke raba 12 da 18 ba saura, x kuwa yana cikin kowace gaɓa, abin tarayyar ke nan 6x. Sai a ajiye shi a wajen baka, a rubuta 6x(2x + 3). A wannan takarda za a kira 6x babban abin tarayya, aikin kuma a kira shi keɓewa. Dalilin zaɓen waɗannan kalmomi zai zo a gaba.

I. Abin da littafin ya ƙware a kai

Alhawarizmi ya bayyana a gabatarwarsa cewa don amfanin jama'a ya yi littafin, domin abin da su ke bukata wajen rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa da haƙar magudanan ruwa. Kalmomin da ya zaɓa sun bi wannan niyya. Abin da a ke rubutawa yau da x² shi ya kira shi mal, watau dukiya. Abin da a ke rubutawa da x ya kira shi jizr, watau saiwa, a wurin aiki kuma ya kan ce masa shay', watau abu. Lamba zalla kuwa sau da yawa da dirhami ya ke ƙidaya ta. Dukiya da abu da dirhami kalmomi ne da kowane ɗan kasuwar Bagadaza ya sani, ba sai an fassara masa ba.

Daga waɗannan uku ya fitar da daidaito iri shida: dukiya daidai da saiwoyi, dukiya daidai da lamba, saiwoyi daidai da lamba, dukiya da saiwoyi daidai da lamba, dukiya da lamba daidai da saiwoyi, sa'an nan saiwoyi da lamba daidai da dukiya. Kowace mas'ala, kome rikicinta, aikin ɗalibi shi ne ya lallaɓa ta har ta faɗa cikin ɗaya daga shidan nan, sa'an nan ya warware ta da ƙa'idar da aka ba wannan iri.

Gwanintar mawallafin ta fi fitowa a kalmomin aikin da ya ke lallaɓa mas'ala da su. Akwai wata mas'ala a littafin inda aka raba goma gida biyu, aka ninka kowane gida da kansa, aka tara, aka sami 58. Da alamomin yau za a rubuta 2x² + 100 − 20x = 58. Mataki na farko jabru. Asalin kalmar a Larabci ɗori ne, irin wanda maɗori ke yi wa karyayyen ƙashi. Ɓangaren da aka ɗebe wa saiwa ashirin kamar karyayye ne, sai a ɗora shi da mayar masa da abin da ya rasa, a kuma ƙara wa ɗaya ɓangaren daidai da haka: 2x² + 100 = 58 + 20x. Mataki na biyu raddi, watau mayarwa. A mayar da dukiya biyu ta koma ɗaya, kome da kome kuma a raba shi biyu: x² + 50 = 29 + 10x. Mataki na uku muƙabala, watau fuskantar da abu da ɗan'uwansa. Dirhami 29 na wannan ɓangare su tafi da 29 daga cikin 50 na wancan: x² + 21 = 10x. An iso iri na biyar ke nan, kuma littafin ya nuna cewa wannan iri ya kan ba da amsa biyu, a nan 3 da 7. Akwai kalma ta huɗu, ikmali, watau cikawa, wadda a ke yi in dukiyar ba ta kai ɗaya ba, kamar inda rabin dukiya da saiwa biyar suka daidaita da 28, sai a ninka kome biyu.

Abin yabo a nan shi ne kowane motsi da sunansa, kuma babu sunan da ya shiga gonar wani. Ɗalibin da aka ce wa ya yi jabru ba zai yi muƙabala ba, domin kowace kalma tana ɗauke da hoton aikinta. Wannan tsabta ita ta sa littafin ya jure fassara. Robert mutumin Chester ya mai da shi Latin a 1145, Gerard mutumin Cremona ya sake fassara shi a wannan ƙarni, Frederic Rosen kuma ya buga shi da Larabci da Ingilishi a Landan a 1831. A duk harsunan nan hanyar aikin ba ta ɓace ba. Duk wanda zai rubuta lissafi da Hausa, wannan ne darasi na farko da zai ɗauka daga littafin.

II. Inda raddi ya rabu da keɓewa

Mai karatu na iya zaton raddi shi ne keɓewa da wani suna. Akwai misali a littafin da ke ƙarfafa wannan zato: dukiya biyu da saiwa goma daidai da dirhami 48. Mawallafin ya raba kome biyu, ya sami x² + 5x = 24, amsa 3. Biyu kuwa ita ce babban abin tarayyar 2 da 10 da 48. Amma dacewa ce kawai. Mai raddi ba ya duban sauran lambobi ya ga me suka yi tarayya a kai. Idonsa na kan dukiya kaɗai, burinsa ta koma ɗaya, ko da sauran gaɓoɓi za su farfashe su zama rabi da sulusi. Bayan haka, abin da aka yi raddi da shi ba ya sake bayyana. An raba da shi, ya gama aikinsa, ya fita daga lissafin.

Sakamakon wannan yana fitowa fili a mas'alar farko ta mas'aloli shida da mawallafin ya kawo don gwada ƙa'idojinsa. An raba goma gida biyu, ninkin gida ɗaya da kansa ya yi daidai da ninkin gidajen biyu da juna har sau huɗu. Bayan jabru sai a sami dukiya biyar daidai da saiwa arba'in, watau 5x² = 40x. Raddi ya mai da shi dukiya ɗaya daidai da saiwa takwas, ƙa'idar iri na farko kuma ta ce saiwar ita ce takwas. Gidajen ke nan 8 da 2.

Ɗalibin yau zai bi wata hanya. Zai tattara kome a ɓangare ɗaya, 5x² − 40x = 0, ya keɓe babban abin tarayya, ya rubuta 5x(x − 8) = 0. Abu biyu ne aka ninka suka ba da sifiri, lalle ɗayansu sifiri ne. Ko dai x takwas ne, ko kuwa x sifiri ne. Amsa biyu ke nan inda littafin ya ga ɗaya. Ta biyun ta salwanta a daidai wurin da aka ce dukiya daidai da saiwa takwas na nufin saiwa takwas ce, domin wannan magana a ɓoye raba ɓangarorin biyu ne da x, kuma ba a raba abu da sifiri.

Adalci ya wajaba a nan. A mas'alar da ya kafa, Alhawarizmi bai yi kuskure ba. Wanda aka ce ya raba goma gida biyu ya ba wani goma ya bar wani hannu banza bai yi rabo ba, kuma alƙalin da ke neman rabon magada ba shi da bukatar amsar da ta ce babu dukiya. Ya san sifiri sarai, domin shi ne ya rubuta littafi a kan lissafi da lambobin Indiyawa, amma a wurinsa alama ce ta gurbin da babu kome, ba lamba ce da za ta zama amsa ba. Duk da haka gaskiya ce cewa hanyarsa ba za ta iya ganin wannan amsa ba ko da an bukace ta. Rashin sifiri da rashin lambobin da ke ƙasa da sifiri su ne kuma suka tilasta masa iri shida, alhali yau daidaito guda ya ɗauke su duka.

III. Abin tarayya ba baƙo ba ne a zamaninsa

Ba za a ce rashin sanin abin tarayya ne ya hana shi ba, domin ilmin ya girme shi da fiye da shekara dubu. Uƙlidis, wanda ya koyar a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin Miladiyya, ya ba da hanyar nemansa a farkon kashi na bakwai na littafinsa na Usul. Da kalmar awo ya yi bayani. A ɗauki igiya biyu, ɗaya kamu 48, ɗaya kamu 18, ana neman sanda mafi tsawo da za ta auna su duka ba saura. A auna doguwar da gajerar, ta shiga sau biyu, saura 12. A auna 18 da 12, saura 6. A auna 12 da 6, ta shiga sau biyu cif. Sandar ke nan kamu 6. A mas'alar farko ta kashi na biyu kuma ya nuna cewa fili mai kusurwa huɗu in aka datsa shi gida-gida, girman dukansa daidai ya ke da jimlar girman gidajen. Gona mai faɗin 6 wadda aka datsa tsawonta 8 da 3 ta ba da 48 da 18, jimla 66, daidai da 6 sau 11. Wannan shi ne 48 + 18 = 6(8 + 3), an zana shi a ƙasa. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Matar ya fassara littafin zuwa Larabci a zamanin Haruna Rashid, ya kuma sake gyara fassarar domin Ma'amun, watau a gari ɗaya da zamani ɗaya da Alhawarizmi. Shi Alhawarizmi bai ambaci Uƙlidis a littafinsa ba. Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, shi ne ya zo ya kafa ƙa'idojin aljabara a kan hujjojin kashi na biyun nan.

Wata ƙofa da ilmin ya shigo ta cikinta ita ce fara'ili, ilmin rabon gado, wanda wajen rabin littafin Alhawarizmi a kan mas'alolin wasiyya da ke maƙwabtaka da shi ya ke. A nan maganar ta taɓa ƙasar Hausa kai tsaye, domin babin ƙarshe na Muhtasar na Shehu Halil, wanda a ke karantawa a zaurukan malamai, a kan wannan ilmi ya ke. Malaman fara'ili sun kasa dangantakar kowace lamba biyu gida huɗu. Tamasuli in sun zama daidai, kamar 6 da 6. Tadahuli in ƙaramar ta shiga babbar ba saura, kamar 3 da 6. Tawafuƙi in wata lamba ta uku ta raba su duka, kamar 4 da 6. Tabayuni in babu mai raba su sai ɗaya, kamar 4 da 7.

A ɗauki mutumin da ya rasu ya bar uba da uwa da 'ya'ya mata shida. Asalin mas'ala shida ne: uba ɗaya, uwa ɗaya, 'ya'ya mata sulusi biyu, watau huɗu. Huɗu ba ta rabuwa ga mutum shida. Malami zai duba ya ce huɗu da shida sun dace da rabi, sai ya ɗauki rabin kawunan, uku, wanda a ke kira wafaƙi, ya ninka asalin mas'ala da shi, ta koma 18. Uba 3, uwa 3, 'ya'ya mata 12, kowace biyu-biyu. In lambobin sun dace ta fuska fiye da ɗaya, kamar 12 da 18 da suka dace da rabi da sulusi da sudusi, ƙa'ida ita ce a ɗauki kaso mafi ƙanƙanta, sudusi. Kaso mafi ƙanƙanta kuwa shi ne babban abin tarayya an duba shi ta baya. Wafaƙin 12 biyu, na 18 uku, su ne lambobin da suka zauna cikin baka a 6x(2x + 3). Ashe malamin zaure da malamin aji aiki ɗaya su ke yi, kowa da harshensa.

IV. Abin da nahawu ya hana

To, in ilmin na nan, me ya hana shi shiga aljabarar Alhawarizmi? Amsar tana cikin ginin jimlarsa. Masanin tarihin lissafi Jeffrey Oaks ya nuna a wata maƙala ta 2009 cewa masu aljabarar Larabci ba su ɗauki "dukiya biyar" a matsayin biyar da aka ninka da dukiya ba. Ƙidaya ce, kamar a ce shanu biyar. Haka kuma "dukiya biyar da saiwa arba'in" jerin kaya ne, kamar shanu biyar da awaki arba'in, ba tarawa ba ce da ke jiran a yi ta. Mai jin Hausa zai gane wannan nan da nan, domin haka harshensa ke yi. A "shanu biyar" lambar bayanin sunan ce, tana manne da shi, ba wanda zai ɓamɓare ta ya ajiye gefe ya bar shanun.

Ninkawa kuwa a littafin umurni ce. Akwai babi guda a kanta, inda a ke koya yadda za a ninka goma da abu cikin goma ban da abu, harafin fi na Larabci yana tsaye a tsakiya yana raba ɓangarorin biyu. Wannan ya nuna harshen na iya faɗin ninkin jimloli ba tare da baka ba. Amma da zarar an faɗe shi sai a aikata shi, a fito da jerin kaya, sa'an nan a kafa daidaito. Ninkin da ba a aikata ba aiki ne da ba a gama ba. Saboda haka 5x(x − 8), wanda a idon ɗalibin yau shi ne ƙarshen aiki, a harshen Alhawarizmi komawa baya ne zuwa tambaya. Littafin yana da babin ninkawa, ba shi da babin warware ninki.

Kafin a ga amfanin komawa bayan nan sai da alamomi suka taru sannu a hankali. A Magrib da Andalus malamai sun riƙa taƙaita kalmomin da haruffansu na farko, shinun a madadin abu, mimun a madadin dukiya, kamar yadda a ke gani a littattafan Ƙalasadi wanda ya rasu a 1486. Alamomin + da − sun fito a bugu a littafin Johannes Widmann na 1489, alamar = a na Robert Recorde na 1557. François Viète ya sa haruffa a madadin lambobin da aka sani da waɗanda ba a sani ba a 1591. René Descartes a 1637 ya kawo al'adar x da y da z, ya kuma nuna yadda ninka x − 2 da x − 3 ke haifar da daidaiton da amsoshinsa 2 da 3 ne, an daidaita shi da sifiri. Baka biyu ta ɓulla a littattafan Italiya a ƙarni na 16, amma ba ta zama ruwan dare ba sai ƙarni na 18. Amfaninta shi ne ta mai da umurni suna. Abin da a da sai an aikata shi, yanzu ana iya riƙe shi a duba, a ga gaɓoɓinsa.

V. Abin da Hausa ke da shi

Malamin da ke bayani da Hausa yana fuskantar matsalar da ta tare Alhawarizmi, amma harshensa ya ba shi kayan aiki in ya lura da su. Keɓewa ba baƙuwa ba ce a nahawun Hausa. In aka ce "Audu ya sayi gero, Audu ya sayi dawa", kowane yaro ya san maganar ta yi nauyi. Zai iya ragewa ya ce "Audu ya sayi gero, ya sayi dawa", ya keɓe suna kaɗai, kamar wanda ya rubuta 2(6x² + 9x) ya tsaya a rabin hanya. In ya ce "Audu ya sayi gero da dawa" ya keɓe duk abin da jimlolin biyu suka yi tarayya a kai. Audu bai ɓace ba, sayen ma bai ɓace ba. An faɗe su sau ɗaya, suna aiki a kan kaya biyu. Wannan shi ne ab + ac = a(b + c).

Aikin baka ma Hausa na da hanyar yinsa. "Biyu da biyar sau uku" magana ce mai harshen damo, tana iya zama 17, tana iya zama 21. Mai magana ya kan raba gardama da ɗan dakatawa, amma dakatawa ba ta zama a takarda, ba ta kuma isa kunnen yaron da ke bayan aji. Kalmar duka ita ce ke rufe baka: "biyu da biyar, duka sau uku" ba ta da ma'ana sai 21. Da ya ke Hausa na sa "sau uku" a bayan abin da a ke ninkawa, ya fi dacewa a karanta 3(x + 2) daga cikin baka zuwa waje, a ce "x da biyu, duka sau uku", a karanta 3x + 2 kuma "x sau uku, sa'an nan a ƙara biyu". Har wa yau akwai maimaita lamba. "An ba Audu da Garba naira biyar" dabam ne da "an ba su naira biyar-biyar". Maimaitawar na nuna lambar ta hau kan kowane ɗaya, abin da lambar da ke wajen baka ke yi ke nan wa kowace gaɓa da ke ciki.

Saura kalmar aikin kanta, a nan ne darasin jabru da muƙabala ya ke da amfani. Kalmomin da suka fi saurin zuwa baki su ne cire da fitar da raba, kowace kuwa da haɗarinta. Cire ta riga ta zama abokiyar ɗebe. Yaron da aka ce wa ya cire biyar daga 5x + 5 zai ga ba abin da ya saura a gaɓa ta biyu, sai ya rubuta 5(x) ko 5(x + 0), alhali amsar 5(x + 1) ce. Fitar tana kusa da cire, tana kuma nuna abin ya bar gidan. Raba ita ce raddi, mai shafe abin tarayya, ita ce za ta sa yaro ya mai da 12x² + 18x ya zama 2x + 3 kawai, ko ya rasa sifiri a 5x² = 40x. Keɓe ba ta da ɗaya daga cikin waɗannan aibobi. Hatsin da manomi ya keɓe don iri yana nan cikin dukiyarsa, wuri kawai aka sake masa. Tambayar da ta kamata ta bi keɓewa kuwa ita ce ta Uƙlidis: abin da aka keɓe sau nawa ya shiga wannan gaɓa? Biyar sau nawa ta shiga 5x? Sau x. Sau nawa ta shiga biyar? Sau ɗaya. Da wannan tambaya ɗayan da yara ke mantawa zai fito da kansa.

Ga abin da ke zama cikin baka kuwa, ba sai an ƙirƙiro sabuwar kalma ba, tun da wafaƙi na nan a bakin malaman gado. Haka tabayuni na iya zama shaidar an gama aiki: in lambobin da ke cikin baka sun yi tabayuni, kamar 2 da 3, babu kuma harafin da ya saura a dukansu, to, abin da aka keɓe shi ne babba. In har sun yi tawafuƙi, kamar 6 da 9, da sauran aiki.

VI. Hukunci

Littafin Alhawarizmi ya cika alkawarin da ya ɗauka a gabatarwarsa. Ya ba alƙali da ɗan kasuwa da mai awon ƙasa hanya tabbatacciya, da kalmomin da ba su ruɗa kowa, kuma shekaru fiye da dubu ɗaya da ɗari biyu ba su rage wa tsarinsa kyau ba. Gazawarsa a kan keɓewa ta fito ne daga nahawun da ya ɗauki lamba ƙidaya, ya ɗauki ninkawa umurni. Wannan nahawu shi ne wanda yaron Bahaushe ke shigowa aji da shi, sa'ad da ya ke karanta 5x "x biyar" kamar awaki biyar. Karatun ya isa ga tarawa da ɗebewa, domin awaki biyar da awaki uku awaki takwas ne. Amma ranar da za a fara keɓewa, wajibi ne malami ya sake masa karatu ya ce "x sau biyar", domin abin da aka ninka da shi ne kaɗai a ke iya keɓewa. Masu tsara kalmomin lissafi da Hausa za su yi daidai in suka bi mawallafin a inda ya ƙware, watau ba kowane aiki kalmarsa, suka kuma ware rabawa da keɓewa suna biyu tun daga darasin farko.